Ƙugin Salula a Cikin Amfilifayar da Muka Haɗa da Hannu



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, har wani zai iya cewa bai kai a tara jama'a dominsa ba. Amma duk wanda ya taɓa kwana yana liƙa dalma, ya gama haɗa 'yar amfilifayarsa, ya sanya iyafis a kunne yana jin daɗin aikin hannunsa, sa'an nan wata ƙara mai kama da ƙugin zanzaro ta faɗo masa cikin kunne ana saura kaɗan salular abokinsa ta yi ringi, to, ya san akwai abin faɗa. Kafin mu shiga, bari mu yi wata 'yar yarjejeniya da ku. Hausa ta ba igiyar tagulla da na'urar kira suna guda, watau waya, kuma yau da dukkansu biyu za mu yi aiki. Saboda haka in muka ce salula, ta kira muke nufi. In muka ce waya, to, ta tagulla ce.

Amfilifayar da muke magana a kanta ita ce 'yar ƙaramar nan da ke karɓar sauti mai rauni ta ƙara masa ƙarfi domin iyafis. Mafi shahara a duniya cikin irinta ita ce wadda wani mai suna Chu Moy ya wallafa zanenta a wajen ƙarshen shekarun 1990, mai aiki da batir na bolt 9, wadda masu sha'awa a Amurka suka riƙa cusawa cikin gwangwanin alawar Altoids. A nan wajenmu kuwa, abin da ya fi sauƙin samu shi ne ɗan ƙwayar nan mai ƙafafu takwas da masu gyara ke kira aisi, mai lamba LM386, ko NE5532 da TL072 da ake cirowa daga matattun rediyoyi da tsofaffin amfilifayoyi. Kayan ba su da tsada, zanen ba shi da wuya, shi ya sa ta zama aikin farko na ɗaliban kimiyya da fasaha da yawa, daga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013 har zuwa kwalejojinmu na fasaha. Wani domin jarrabawa yake haɗa ta, wani domin sauraron karatu da dare ba tare da ya dami abokan ɗaki ba, wani kuma domin tsohonsa da ji ya fara yi wa nauyi.

To, daga ina wannan baƙo da ba a gayyata ba yake fitowa?

Salula irin ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu na wannan shekara. Tsarin GSM, wanda yanzu ake kira 2G, yana aiki a zangon megahaz 900 da 1800, kuma injiniyoyin Turai da suka tsara shi sun yi wata dabara domin mutane da yawa su yi magana a tasha guda. Sun raba lokaci gida takwas, kowace salula da gidanta. Salularka takan yi magana na ɗan abin da ya ɗara rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sa'an nan ta yi shiru ta jira sauran bakwai su yi tasu, zagaye ya dawo kanta. Wannan zagaye yakan cika sau 217 a kowane sakan. Watau salula tamkar fitila ce da ake kunnawa ana kashewa sau 217 a sakan, kuma in ta kunnu, ƙarfinta yana iya kaiwa wat 2 a zangon 900, wat 1 a zangon 1800.

Sai mai hankali ya ce, ai kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce karkarwa dubu 20 a sakan, ita ma amfilifayar ba ta iya bin karkarwa miliyan 900, ta yaya za a ji? Nan ne gizo ke saƙar, kuma muna roƙon ku saurara da kyau, domin dukkan maganin da za mu kawo daga nan ya tsiro. A cikin kowace tiransista akwai mahaɗa da ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya cikin sauƙi fiye da ɗayar, daidai da dayod. Da irin wannan mahaɗa ce rediyon iyayenmu ke ciro muryar mai labarai daga igiyar Kaduna a gajeren zango: dayod ya yanke rabin igiyar, abin da ya rage shi ne hawa da saukar ƙarfinta. Idan igiyar salula ta samu hanya ta isa tiransistar farko ta cikin aisi, sai tiransistar ta yi mata aikin dayod ba tare da an sa ta ba. Karkarwa miliyan 900 ta ɓace, kunnawa da kashewar nan 217 ta saura, tare da 'ya'yanta 434 da 651 da sauransu, waɗanda su ne ke ba ƙarar kaushinta. Amfilifaya kuwa ba ta san baƙo ba, ba ta san ɗan gida ba. Abin da ta samu a bakinta shi take ƙara wa ƙarfi. Ba za ku ji zancen mai salular ba, domin ba a cikin hawa da saukar ƙarfi GSM ke ɗauke da magana ba, bugun kawai za ku ji. Dalilin da ya sa kuma ƙarar ke riga ringi shi ne, turken sabis yakan fara kiran salula, ita kuma ta amsa masa, su yi 'yar musayar bayani kafin ta sanar da mai ita.

Abin lura a nan shi ne, da zarar tiransista ta mayar da igiyar ta zama 217, an gama. Wannan adadi yana tsakiyar muryar mutum ne. Duk matacin da za ka sa ya cire shi, da muryar mai karatu zai haɗa ya cire. Mun ga masu ɗora manyan kafasitoci a bayan aisi suna fatan su kashe ƙarar, ba abin da suka samu sai sauti ya dushe, ƙugi yana nan daram. A bakin ƙofa ake tare igiyar salula, tun tana igiyar rediyo, kafin ta taɓa tiransista ko guda.

Yanzu mu dawo gida. Salula ba ta yin magana da ƙarfi iri ɗaya kullum. Turke ne ke umartar ta ta rage ko ta ƙara. In tana kusa da shi tana iya sauka har wajen kashi uku cikin dubu na wat, in ta yi nisa ko wani abu ya shiga tsakani sai ta ɗaga murya har wat 2, watau ninki ɗari shida da wani abu. Wanda ya haɗa amfilifayarsa a tsakiyar Gusau, inda turaku ke kusa da juna, kuma salularsa na kan 4G, yana iya gwadawa ya ji shiru, ya ɗauka aiki ya yi kyau. Ranar da aka yi hutu ya bi hanyar Funtuwa, ya wuce Dutsen Kwatarkwashi na Ƙaramar Hukumar Bungudu, ya shiga wani ƙauye a bayan duwatsun Tsafe inda sabis sanda ɗaya ne, sai salula ta koma 2G ta buɗe murya iyakar ƙarfinta, amfilifayar da ta yi ladabi a birni ta kama ruri. Haka wanda ya nufi yamma ta hanyar Sakkwato ya ratse cikin ƙauyukan Bungudu. Ba abin da ya lalace a hanya. Kuma kada a ɗauka 2G ta zama tarihi: ƙididdigar NCC ta farkon 2024 ta nuna fiye da rabin layukan ƙasar nan a kanta suke a lokacin, kuma ƙananan salulolin nan masu madannai da suka cika aljihun manoma da 'yan kasuwa, mafi yawansu ba su san wani tsari ba sai shi. Ita ma 4G ba waliyyiya ba ce, tana da tata ƙarar mai kama da tafasar mai, sai dai ba ta kai ta yayarta tsanani ba.

Mu mutanen Zamfara mun ga hujjar wannan magana ta hanyar da ba mu so ba. A farkon Satumba na 2021, NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin jiha saboda matsalar tsaro. An maido wa Gusau a ranar 1 ga Oktoba, sauran yankuna kuwa sai a ƙarshen Nuwamba. Salular da ba ta ga turke ba saurare kawai take yi, ba ta aika komai, don haka a waɗannan makonni lasifikoki sun huta da ƙugi. Amma shiru ne da aka saya da tsada, ɗa bai ji muryar uwarsa ba, ɗan kasuwa bai ji ta abokin cinikinsa ba, kuma ba mu fatan Allah Ya maimaita mana. Salula ta zama abokiyar zama. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tunda ba za mu kori salula ba, sai mu gyara abin da muke haɗawa.

Kafin a sa magani sai a san ciwo. Ba kowace ƙara ce ta salula ba. Akwai gurnani mai kauri marar yankewa na wutar gida ko janareta, mai karkarwa 50 ko 100, akwai kuma siririn fito na caja mai araha ko inbata. Ta salula ita ce mai zuwa tana yankewa. In kuna son ku kira ta da gangan, ku sami ƙaramar salula, ko ku tilasta wa babba ta tsaya a 2G, ku ajiye ta kusa da amfilifaya, ku danna *310#, lambar duba kuɗi da aka daidaita wa dukkan kamfanoni a 2023. Ƙarar za ta zo. Sa'an nan ku murɗa makunnin ƙara murya. In ƙarar tana hawa tana sauka da shi, to, ta gabansa ta samu shiga, ta wayar da ke kawo sauti ko ma daga na'urar da ke ba da sautin. In ba ta kula da shi ba, sai a nemi ƙofar a bayansa: ƙafafun aisi, wayar batir, ko wayar iyafis. Ku yi wannan gwaji da murya ƙasa-ƙasa, iyafis a hannu kusa da kunne, kada a cikin kunne.

Magani na farko ba ya cin ko kwabo, shi ne nisa. Ƙarfin igiya yakan ragu da rabi in aka ninka tazara, amma saboda yadda tiransista ke mayar da ita sauti, ƙugin galibi yakan faɗi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Salular da ke tazarar taki ɗaya da wadda ke tazarar kamu ɗaya ba ɗaya suke ba. Wanda kuma daga salular kanta yake sauraron karatun da ya riga ya sauke, sai ya sa ta a yanayin jirgin sama ya huta.

Na biyu shi ne mataci a bakin aisi, kuma nan za mu ɗan daɗe, don nan ne mafi yawan masu haɗawa ke tuntuɓe. Kowace waya eriya ce. Tsawon igiyar 900 santimita 33 ne, kuma wayar da ta kai rubu'in haka, kimanin santimita 8, ta zama eriya mai kyau ƙwarai. A zangon 1800 santimita 4 ma ta isa. Ku dubi cikin abin da kuka haɗa ku ƙirga wayoyi nawa ne suka kai haka. Matacin kuwa abu biyu ne kacal. A sa rizista ta om 1000, mai zanen ruwan ƙasa da baƙi da ja, a kan hanyar sauti dab da ƙafar shiga ta aisi, sa'an nan daga wannan ƙafa zuwa layin ƙasa a sa 'yar kafasita ta yumɓu mai fikofarad 100 zuwa 330, waɗanda ake rubuta wa 101 da 331. Rizistar ta tsaya wa igiyar a hanya, kafasitar ta zubar da ita ƙasa, sauti kuwa ya wuce lafiya, domin om 1000 da fikofarad 330 ba su fara yanka ba sai a wajen karkarwa dubu 480.

Sai dai akwai tarko biyu. Na ɗaya, makunnin ƙara murya shi ma yana shiga lissafi. In mai om dubu 100 ne, a tsakiyar murɗawa yakan ƙara om dubu 25 a kan hanya, kuma in aka haɗa shi da kafasita mai lamba 102, watau fikofarad 1000, yankan zai sauko har wajen dubu 6, sai ka ji mai karatu kamar ya toshe baki da rawani. Da makunni mai om dubu 10 ba a samun wannan damuwa. Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne tsawon ƙafa. A zangon 900, ƙafar kafasita mai tsawon santimita ɗaya tak tana tsaya wa igiya kamar rizista ta om 50 da 'yan kai. Ma'ana, kafasitar da aka bari da dogayen ƙafafunta kamar zalɓe ado ce kawai. A datse ƙafafun har sai da ƙyar dalma ta kama, a liƙa ta a jikin ƙafar aisi ɗin kanta. Wanda hannunsa ba ya rawa, ya je wurin masu gyaran salula ya nemi mataccen fanel. Masu ƙera salula sun daɗe suna sa ƙananan kafasitoci marasa ƙafa na fikofarad 33 da 10 a kan layin makirfo da lasifika domin wannan ciwo, na farko don 900, na biyu don 1800. Babu lamba a jikinsu, sai an auna, amma in an samu sun fi kowace irin da ke kasuwa.

Ƙofar da aka fi mantawa da ita kuwa ita ce ta fita. Wayar iyafis ta kai mita ɗaya ko fiye, tana ratsa ƙirjin mai saurare, sau da yawa ta bi ta kan aljihun da salula ke ciki. Igiyar da ta kwaso takan shiga ta ƙafar fita, ta bi rizistar da ke mayar da sauti baya, ta ɓulla a ƙafar shiga kamar ɓarawon da ya hauro ta katangar baya. Maganinta shi ne baƙin zoben nan da ke kumbure a jikin wayar cajar kwamfuta ko wayar allon kwamfuta, wanda ake kira ferayit. Ba ya taɓa sauti, igiyar rediyo kawai yake sha ya mayar da ita zafi. A ciro shi daga matacciyar waya a zura wayar iyafis ciki, dab da inda take shiga amfilifaya, haka ma wayar da ke kawo sauti. Ana iya sa rizista ta om 10 a kan hanyar fita, ko da yake takan ɗan rage murya a iyafis mai om 32. Abin da ba a yi shi ne liƙa kafasita kai tsaye a ƙafar fita ta aisi irin NE5532 ko TL072, don tana iya sa shi ya kama karkarwar kansa, ya yi zafi, ya shanye batir.

Sai gida. Michael Faraday ya nuna tun 1836 cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa, kuma gwangwanin Altoids da muka ambata aikin da yake yi ke nan. Mu ba mu rasa gwangwani ba; na madarar gari, na shayi, na alawa, duk mai murfin ƙarfe ya wadatar. Akwatin roba komai kyansa ba ya tare komai. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwangwanin da murfinsa bai haɗu da jikinsa ƙarfe da ƙarfe ba, doguwar tsagar da ke tsakaninsu ita kanta eriya ce, don haka a kankare fenti a bakin murfi. Ƙananan huda ba su da laifi, doguwar tsaga ce abin tsoro. Mafi muhimmanci, ramin jak ya zama mai jikin ƙarfe, a ɗaure shi a jikin gwangwanin bayan an kankare wurin, domin igiyar da ke bin rigar wayar ta zube a bango tun daga waje. In aka bi da ita ta wata 'yar waya zuwa tsakiyar allo, an ɗauko baƙon an kai shi har ɗaka. Wannan kuskure ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Wani injiniya mai suna Neil Muncy ya yi rubutu a 1995 yana nuna cewa manyan kamfanonin kayan sauti ma suna tafka shi. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin allo kada dalma ta taɓa ƙarfe. Masu bin zanen Chu Moy kuma su kula: layin ƙasarsa a tsakiyar batir yake, bolt huɗu da rabi sama da baƙar waya, saboda haka in baƙar wayar batir ta taɓa gwangwani an yi gajeren haɗi.

Saura 'yan abubuwa da za mu wuce da sauri. Zanen LM386 da ke yawo a littattafai yakan sa kafasita ta maikurofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, wadda ke ɗaga ƙarin ƙarfi daga ninki 20 zuwa 200. Iyafis ba ya bukatar haka, a cire ta, ƙugin da ya shigo ta gaba zai ragu ninki goma. Aisi irin TL072 da OPA2134, masu wata irin tiransista ta daban a bakinsu, galibi sun fi NE5532 da LM386 jure igiyar rediyo, sai dai TL072 ba shi da ƙarfin tura iyafis mai nauyi. A sa kafasita mai lamba 104 a ƙafar wuta ta aisi, a murɗe wayoyin batir biyu kamar igiya. Kada kuma a ciyar da amfilifaya da salula daga fawabank guda, domin a kowane bugu salula takan fizgi lantarki mai yawa daga batir, wannan fizga kuwa ta cikin waya take bi, gwangwani ba ya tare ta.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan 'yar ƙara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi. Ƙugin da ba ya bin makunni yana iya faɗowa cikin kunne da ƙarfin da ya fi na abin da ake saurare nesa ba kusa ba, kuma tsohon da aka haɗa wa na'ura domin ya ji maganar jikokinsa shi ne ya fi kowa ɗaga murya, shi ne kuma ya fi kowa shan dukan. Ko a Turai da Ostareliya, masu sanya na'urar taimakon ji suna cikin waɗanda suka fara kuka da GSM a farkon shekarun 1990, har aka tilasta wa masu ƙera ta su gyara. Ilmin kuma guda ne da wanda ake bukata a amfilifayar masallaci da ta makaranta, inda salular aljihun mai riƙe da makirfo ke katse huɗuba ko lacca a gaban ɗaruruwan mutane.

Saboda haka muna da roƙo ga malamanmu masu duba ayyukan ɗalibai. Lokacin ba da maki, bayan an ji sauti ya fito, a ɗauko ƙaramar salula mai 2G a ajiye ta tazarar taki ɗaya daga na'urar, a kira ta. In da hali, a yi gwajin a ɗakin da sabis ya fi rauni a makarantar, domin shi ne ya fi kama da ƙauyen da na'urar za ta je.